Rinne ya ce hagu, Weber ya ce dama: wa ke ƙarya?

Jami'in Ƙauye: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu ilimin kunne ku agaza min, abu ya ɗaure min kai tun safe. Wani magidanci ne ya zo, manomi, zai kai shekara 45. Ya ce shekaranjiya da ya tashi sallar asuba ya ji kunnensa na hagu ya toshe ɗif, kamar wanda ruwa ya shiga, ga wata ƙara "shiii" da ba ta yankewa. Ya je kemis an ba shi maganin ɗigawa, matarsa ta sosa masa da gashin kaza, babu canji. Na leƙa da fitila, hanyar kunnen fes take, babu datti babu ruwa, dodon kunnen yana sheƙinsa lafiya lau. Sai na ɗauko ƙarfen gwajin ji, tiyunin fok ɗin nan da na tarar a durowa tun ranar da aka turo ni nan. Na buga na ɗora a ƙashin bayan kunnen hagu, ya ce yana ji. Na kawo bakin kunnen, ya ce shiru. A littafi wannan gwajin Rinne ne, kuma negatib ya fito, wato toshewar hanya a hagu. Amma da na ɗora a goshi, wato gwajin Weber, sai ya nuna min dama. In toshewa ce ai hagu ya kamata ya nuna. Sau uku ina maimaitawa. To wa ke ƙarya, ni ko ƙarfen ko mutumin?

Autar Aji: Wa alaikumus salam. Yaya tunda negatib ne ai alhamdulillahi kenan ko? Ba negatib ne lafiya ba?

Sista Mai Dare: Auta wannan ba gwajin maleriya ba ne. A Rinne abin a juye yake. Lafiyayyen kunne ya fi jin ƙarfen a bakinsa fiye da a ƙashin bayansa, shi ake cewa fozitib. In ƙashi ya fi iska, shi ne negatib, kuma shi ne alamar wani abu ya tare hanya.

Autar Aji: Innalillahi. Ga jarrabawa saura mako biyu, ni kuma a juye na haddace.

Mai Odiyo: Malam ka daina wahalar da kanka da cokali mai yatsu biyu. Abin da wani mai busa kakaki a Ingila, John Shore, ya ƙera a 1711 don makaɗa su daidaita kayan kiɗansu, shi za ka yanke wa kunnen mutum hukunci da shi yau? Ka tura shi a yi masa odiyogram, wato awon ji da na'ura, magana ta ƙare.

Jami'in Ƙauye: Oga daga nan zuwa inda na'urar taku take wuni guda ne a mota, kuma mutumin girbi yake yi. In zan tayar da shi daga gona sai na san dalilin da zan faɗa masa.

Ɗan Maraɗi: Gaisuwa gare ku. Mu nan diyafazon muke ce masa. Malam duba jikin mariƙin, wace lamba aka rubuta?

Jami'in Ƙauye: 512 ne. Akwai wani dogo mai ƙulli-ƙulli a kan yatsunsa, an rubuta 128, ban taɓa shi ba.

Ɗan Maraɗi: Madalla, ka ɗauki na daidai, lambar nan yawan karkarwarsa ce a daƙiƙa, wato Hz. Mai 128 ɗin ba na kunne ba ne, na ƙafar masu ciwon suga ne, ana ɗora shi a babban yatsa a ga ko suna jin karkarwa. In ka sa shi a bayan kunne ko kurma zai ce maka yana ji, don fatarsa ce ke ji ba kunnensa ba. Mai 256 ma yana da wannan matsalar kaɗan. Mai 1024 kuma sautinsa na saurin mutuwa, kafin ka kai shi kunne ya yi sanyi. Shi ya sa aka tsaya a kan 512.

Baba Ritaya: Yaro a ina ka buga shi? Kada dai ka ce min a kan tebur.

Jami'in Ƙauye: Baba a gefen tebur na buga karon farko, sauran biyun a gwiwata.

Baba Ritaya: To na farkon ka zubar da shi. In ka buga a katako ko ƙarfe zai fitar da wasu sirara-siraran sautuka a kan nasa na asali, su rikita maras lafiya. Gwiwar hannunka ko ta ƙafarka ta isa. Ka riƙe shi a mariƙi kawai, yatsanka ya taɓa reshen to ka kashe sautin. A bayan kunne ka danna shi sosai a kan ƙashin nan mai tudu, ɗayan hannun naka ya tallafi kan mutum ta ɗaya ɓangaren. Kada ya taɓa fatar kunnen kanta. In mace ce ta ɗage ɗankwali da hijabi a wurin, kar ki ɗora a kan kitso, da ke nake Auta. Mai gilashi ya cire gilashinsa. A bakin kunne kuma tazarar kamar faɗin yatsa ɗaya zuwa biyu, rassan biyu su jeru da ramin kunnen, ɗaya bayan ɗaya.

Sannan tambaya. Mutanenmu akwai kara. Ka ce wa dattijo "kana ji ko?" zai ce maka "ina ji likita" don kada ya kunyata ka. Ka tambaye shi "nan ko nan, ina ya fi ƙarfi?" ka yi shiru.

Sista Mai Dare: Wallahi Baba gaskiya ne. Wata tsohuwa na ɗora mata a goshi na ce ina kike ji, ta ce "a goshina mana 'yar nan, ba nan kika ajiye ba?"

Dakta Kunne: Salam. Yanzu na fito daga tiyata na ga saƙonnin. Malam Jami'i, mutumin yana nan ko ya tafi?

Jami'in Ƙauye: Ya koma gida Dakta, na ce ya dawo jibi. Gidansa ba nisa.

Dakta Kunne: Aika a kira maka shi yanzu, kafin ya zo zan yi bayani. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinku ukun. In abin da ka faɗa haka yake, kunnen hagun nan ba toshewa ya yi ba, cikinsa ne ya tsaya.

Ka ɗauki ƙwarya ka ƙwanƙwasa gefe ɗaya, ai duk ƙwaryar ce ke amsawa. Haka ƙoƙon kai yake. Katantanwar kunne, wato sashen can ciki mai ɗaukar sauti, ta hagu da ta dama duk a cikin ƙashin kai suke a binne. In ka ɗora ƙarfen a bayan kunnen hagu, sautin na isa katantanwar dama kusan ba tare da ya ragu ba. Mutumin ya ce yana ji, kuma gaskiya ya faɗa, amma kunnen dama ne ya ji masa. Kai kuma ba ka tambaye shi da wane kunne ya ji ba. Da ka kawo ƙarfen bakin kunnen hagu, yanzu sauti ta iska ne, kai ya tare wa na dama, na hagu kuma ba ya aiki, sai shiru. Ka ga ƙashi ya fi iska, ka rubuta negatib. Wannan shi muke kira Rinne negatib na bogi, kuma yana fitowa ne idan kunne ɗaya ya yi mummunan rauni ta ciki.

Weber ne ya tona asiri. A goshi sautin na zuwa wa katantanwa biyun daidai wa daida, wadda ke da rai ita ce za ta ɗauka. Ya nuna dama saboda dama ce mai rai. Duk ranar da ka ga Rinne negatib a kunne ɗaya, Weber kuma ya gudu zuwa ɗayan, ga dodon kunne lafiya, kada ka kawo maganar datti ko ruwa.

Jami'in Ƙauye: Subhanallahi. Ni da har na fara tunanin in wanke masa kunnen da sirinji ko akwai abin da ban hango ba. Na tura yaro a kan babur.

Dakta Kunne: Kar ka wanke. In ya zo ka yi abu biyu. Na farko ka sake Rinne a hagu, amma ka sa wani ya danna ɗan guringuntsin nan na ƙofar kunnen dama yana murza shi a hankali ba tsayawa. Ƙarar murzawar za ta shagaltar da kunnen dama ya kasa yi wa na hagu satar amsa. Mu a asibiti akwatin ƙara na Barany muke amfani da shi, amma murzawar ma tana yi. Na biyu ka ce ya rufe baki ya yi "mmmm", ya faɗa maka wane ɓangare ya fi ji.

Autar Aji: Dakta don Allah ni abin da ban taɓa ganewa ba shi ne na toshewar. Ta yaya kunnen da ya toshe zai fi lafiyayye ji? Hankali bai ɗauka ba.

Sista Mai Dare: Auta gwada yanzu inda kike. Ki toshe kunne ɗaya da yatsa ki yi "mmmm".

Autar Aji: Laaa! Wallahi a wanda na toshe nake ji!

Sista Mai Dare: To kin yi wa kanki Weber kenan, ba ki kashe ko sisi ba.

Dakta Kunne: Dalili biyu ne ƙanwata. Kunnen da ke buɗe yana fama da hayaniyar waje, fanka, babur, surutun mutane, duk suna danne sautin da ke zuwa ta ƙashi. Wanda ya toshe kuwa ya huta da wannan. Na biyu, wani ɓangare na sautin da ke yawo a ƙashi yakan fice ta ramin kunne. In an toshe ramin ya rasa mafita, sai ya koma ciki. Kamar rediyo ne a ɗaki, ki rufe ƙofa ki ji yadda ƙararsa ke cika ɗakin.

Shi kuma dalilin da iska ta fi ƙashi a lafiyayyen kunne, ki tuna hanyar. Sauti ya bugi dodon kunne, ya bi ta ƙasusuwan nan uku, guduma da maƙera da likkafa, sannan ya shiga ruwan katantanwa. Faɗin dodon kunne ya ninka tafin likkafa kusan sau 17, ƙasusuwan kuma suna ƙara nasu ɗan ƙarfin, sai matsin ya ninku kusan sau 22. Ƙashin kai ba shi da wannan gatan. In datti ya cika rami, ko dodon ya huje, ko ruwa ya taru a bayansa, ko likkafa ta maƙale, wannan ribar ce ke zubewa, sai ƙashi ya yi gaba. Amma fa sai asarar ta kai kamar desibel 20 zuwa 30, wato ma'aunin ƙarfin sauti, kafin ƙarfe mai 512 ya juya zuwa negatib. Ƙaramar toshewa za ta iya ba ki fozitib. Weber ya fi shi saurin kama bambanci, ɗan kaɗan ma yakan karkata.

Autar Aji: To in na fahimta, Weber ya tafi kunnen da ake kuka da shi, toshewa ce. Ya tafi ɗayan, matsalar ciki ce. Haka ne?

Dakta Kunne: Haka ne in kunne ɗaya ne ke da matsala. Ki riƙe wannan sharaɗin da kyau.

Mai Odiyo: Yauwa Dakta, nan nake jira. Tunda an zo kan sharaɗin bari in faɗi abin da ya sa ba na ga-maciji da ƙarfen nan. Ku kawo min mai injin niƙa da ya shekara goma sha biyar a cikin shagonsa. Ku yi masa Rinne, fozitib dama fozitib hagu. Ku yi masa Weber, tsakiya cif. Ɗalibi zai rubuta "lafiya lau". Alhali in na zaunar da shi a na'ura zan ga layinsa ya faɗa rami a 4000 Hz a kunnuwa biyun, don nan ƙara ke fara ci. Ƙarfenku a 512 kawai yake magana, ni kuwa daga 250 har 8000 nake aunawa, kowane kunne shi kaɗai, in ba ku lamba. Haka tsofaffi, sautuka masu tsini ne ke fara tafiya, shi ya sa Baba zai ce yana jin muryarka amma ba ya gane maganar. Haka wanda aka yi wa allurar jentamaisin ko amikasin ba ƙa'ida. Duk waɗannan kunnuwa biyun ke raguwa tare, ƙarfen kuma gwada ɗaya da ɗaya kawai ya iya. Fozitib ba ya nufin lafiya, yana nufin ba a ga babbar toshewa ba. Mutum nawa aka sallama da "kunnenka ƙalau" saboda wannan?

Baba Ritaya: Wane Baban kake nufi, ni?

Mai Odiyo: Tuba nake Baba, misali ne.

Baba Ritaya: Ai gaskiya ka faɗa, jikokina in suna magana sai na kalli bakinsu. Amma abin da ka kawo ba sabo ba ne, magabata sun san da shi. Shi ya sa akwai gwajin Schwabach. Ka ɗora a ƙashin maras lafiya, da ya ce ya daina ji sai ka mayar kan naka ƙashin. In kai kana ji har yanzu, to cikin kunnensa ya yi rauni. Da haka muke kama masu kunnuwa biyun.

Mai Odiyo: Da sharaɗin kunnen mai gwajin lafiya yake. Ma'aikacin da ke kwana da janareta a bayan tagarsa, ko mai toshe kunne da iyafis dare da rana, shi ne ma'auni?

Baba Ritaya: To ni dai yanzu na fita daga ma'auni, wannan na yarda.

Ɗan Maraɗi: Mai Odiyo, ba wanda ya ce diyafazon ya kai na'urarka. Amma yau wa ya gano mutumin nan? Da babu gara ba daɗi. A ƙananan asibitocinmu na karkara ko fitilar duba kunne wani lokaci babu batir. Ƙarfen nan ba ya son wuta, ba ya son batir, ya faɗi ƙasa ka ɗauka ka goge.

Mai Odiyo: Weber ne ya gano shi, Rinne kuwa saura kaɗan ya sa a wanke masa kunne a sallame shi. Rabin kayan aikin ya yi ƙarya kenan.

Dakta Kunne: Ku biyun kuna da gaskiya kuma ba za ku shirya yau ba. Ni a ɗakin duba marasa lafiya, ga na'ura a ɗaki na gaba, amma ƙarfen yana aljihuna. Har odiyogram ɗin nakan duba da shi. In takarda ta ce toshewa ce a dama, na ɗora a goshi ya tafi hagu, sai in ce a sake, wataƙila ba a rufe ɗayan kunnen da ƙara yadda ya kamata ba, don na'urar ma wannan satar amsar tana yi mata. Heinrich Rinne ya bayyana gwajinsa a Jamus a 1855, Ernst Weber na Leipzig ya riga shi, kuma har yau ba a raba su, don kowanne shi kaɗai gurgu ne. Abin da ƙarfen ya iya shi ne ya ce maka hanya ce ko ciki ne, kuma wane ɓangare. Nawa aka rasa, wannan aikin Mai Odiyo ne.

Wani abu kuma ga ɗalibai. Littattafai da yawa sun ce ki bar ƙarfen a ƙashi har sai ya daina ji sannan ki kawo bakin kunne. Ni na fi son gwada ƙarfi: daƙiƙa biyu a baya, daƙiƙa biyu a gaba, wanne ya fi? Ya fi sauri, kuma ba sai kin jira mutum ya yanke shawarar yaushe sauti ya mutu ba. Amma a jarrabawa ki yi yadda malaminki ya koya miki.

Autar Aji: Na gode Dakta. Yara fa?

Sista Mai Dare: Ƙaramin yaro wasa zai mayar da abin, duk inda kika nuna zai ce eh. Jariri kuwa ba a maganar ƙarfe, akwai na'urarsu daban.

Jami'in Ƙauye: Ya zo. Na sa ɗansa ya murza masa na dama kamar yadda Dakta ya ce. Na buga a gwiwa, na danna a bayan kunnen hagu. Ya yi shiru yana jira, can ya ce "ka ɗora ne?" Da yaron ya daina murzawa ya ce "yauwa ga shi nan", ya kai hannu kunnen dama. Na "mmmm" ɗin ma dama ya nuna. Rinne a dama fozitib.

Dakta Kunne: To ta tabbata. Yanzu tambayoyi. Jiri ko hajijiya? Amai? Bakinsa ya karkace, harshe ya yi nauyi, hannu ko ƙafa sun yi sanyi? Yana tafiya daidai? Ya yi zazzaɓi cikin makonnin nan? An yi masa allurai? Ya bugu a ka, ko an harba bindiga kusa da shi? Yana da suga ko hawan jini ko sikila?

Jami'in Ƙauye: Ya ce ranar farko ya ɗan ji jiri da ya sunkuya alwala, yanzu babu. Fuska daidai, magana daidai, da ƙafarsa ya hau babur. Babu bugu. Allura babu. Zazzaɓi ya ce ya ɗan yi "na sauro" wajen wata guda da ya wuce, ya sha magani ya warke. Hawan jini na auna 150 bisa 90. Suga bai taɓa aunawa ba, ni kuma tsinken gwajin ya ƙare min.

Sista Mai Dare: Dakta wannan zazzaɓin bai kwanta min ba. Lokacin girbi ne, ɓeraye sun cika rumbuna. Lasa fa?

Dakta Kunne: Anti kin yi tunani mai kyau, a rubuta shi a takarda. Zazzaɓin Lasa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, yana barin kurumta ga kamar mutum ɗaya cikin uku ko huɗu na waɗanda suka tashi, kuma ba sai ciwon ya yi tsanani ba. Wani zazzaɓin kwana kaɗan zai yi, yana murmurewa kunne ya ɗauke, ɗaya ko duka biyun. Amma ba zan ɗora masa Lasa daga nan ba. Mafi yawan masu irin wannan kurumtar ta farat ɗaya ko an bincika ba a samun dalili. Malam ka tambaya ko wani a gidan ko unguwar ya yi zazzaɓi mai tsanani ko zubar jini, in akwai ka sanar da jami'in sa ido na ƙaramar hukuma.

Baba Ritaya: Ku kuna maganar Lasa ni sanƙarau nake tunawa. Annobar 1996, sama da mutum 100,000 suka kamu a ƙasar nan. Muna murna yaro ya tashi, bayan wata guda uwa ta dawo da shi ta ce ya zama mai taurin kai, ana kira ba ya amsawa, har dukansa ake yi. Ka tafa hannu a bayansa ko gezau. Tun daga lokacin duk wanda ya tashi daga sanƙarau ba na sallamarsa sai na gwada kunnensa. Hangum ma haka, yakan kashe kunne ɗaya a yarinta, mutum ya girma bai sani ba sai ranar da ya kwanta a kan mai kyaun aka yi ta sallama bai ji ba.

Dakta Kunne: Allah ya saka Baba. Na sanƙarau ma yana da gaggawarsa, don katantanwar kan iya cikewa da ƙashi bayan ciwon, in an makara ko dashen na'ura ya yi wuya.

Mu koma kan mutuminmu. Ma'anar da muke aiki da ita ita ce asarar desibel 30 ko fiye, a sautuka uku da ke jere, cikin awa 72. Tabbatar da lambar sai na'ura, amma ba a jiran na'ura kafin a ɗauke shi da gaggawa. Maganin da ake bayarwa sitiroyid ne, na sha ko a yi allurarsa ta cikin dodon kunne, kuma amfaninsa yana cikin mako biyun farko, gwargwadon sauri gwargwadon fata. Wasu kan dawo da jinsu da kansu, wasu ko da magani ba ya dawowa, musamman in asarar ta yi zurfi kamar wannan kuma da jiri. Kar ka yi masa alkawari. Yau kwanansa uku, kar ya kai jibi a gida.

Jami'in Ƙauye: Dakta akwai firednisolon a kemis ɗin garin. In fara masa kafin ya tafi?

Mai Odiyo: Ni dai ko za a fara a bari a auna shi tukuna, a san daga ina aka tashi.

Dakta Kunne: In aunawar za ta samu gobe, to. In za ta ja mako guda ba a jiranta. Amma Malam kar ka fara da kanka. Adadin da ake bayarwa mai yawa ne, mutumin jininsa ya ɗan hau, ba a san sugansa ba, ba a tambayi gyambon ciki ko tarin fuka ba, ga zazzaɓin da ba a san kansa ba. Ya isa hannun likita gobe da safe, a auna suga, a yanke shawara. In zai iya kaiwa asibitin koyarwa mai sashen kunne da hanci da maƙogwaro ya fi, ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna in ta nan ya fi muku kusa. Daga baya ma ana so a yi hoton MRI, don wani lokaci ƙari ne a kan jijiyar ji ke fara bayyana da haka, ko da yake ba kasafai ba.

Jami'in Ƙauye: Matsalar yanzu shi ne. Ya ce kunne ɗaya ai ya ishe shi, a bari ya gama ɗaure dawa.

Ɗan Maraɗi: Lokotoro ka ji irin tamu. Malam ka ce masa ya rufe ido, ka tafa hannu ta hagunsa, ka ce ya nuna inda ƙarar ta fito. Mai kunne ɗaya ba ya gane ta ina mota ke zuwa. Manomi mai hawa babur a kan titi zai fahimci wannan.

Sista Mai Dare: Kuma ka yi magana da ɗan, ba shi kaɗai ba. In ka samu babban wansa ko liman ma ya fi. Dawa ana iya ɗaure masa.

Jami'in Ƙauye: Na yi na tafin. Na tsaya ta hagunsa na tafa, ya juya dama yana nema. Ɗan nasa ne ya fara cewa "Baba gobe za mu tafi." Akwai motar kasuwa da ke tashi bayan asuba. Dakta me zan rubuta a takardar don kada a ajiye shi a layi a ce ya dawo wani watan?

Dakta Kunne: A saman takardar da manyan baƙaƙe ka sa cewa kurumta ce ta farat ɗaya a kunnen hagu, ana zargin ta ciki ce, gaggawa. Ka sa ranar da ta fara. Sannan abin da ka gani: rami fes, dodon kunne lafiya, Weber ya tafi dama, Rinne dama fozitib, Rinne hagu negatib amma ya ɓace da aka rufe dama da ƙara. Kar ka rubuta "negatib" tsurarsa, wani mai sauri zai karanta ya ce toshewa ce. Ka ƙara jirin ranar farko, zazzaɓin wata guda, awon jininsa, da cewa ba a auna suga ba. Ka ce wa ɗan in sun isa ya nuna wa nas ɗin da ke tantance marasa lafiya layin farkon nan. Maganin ɗigawar kuma a daina.

Autar Aji: Yaya don Allah in sun dawo ka faɗa mana abin da na'urar ta nuna.

Jami'in Ƙauye: In sha Allahu. Na rubuta na ba ɗan, ya sa a aljihun gaba. Maganin ɗigawar ne muka ɗan yi ja-in-ja, ya ce kuɗinsa ya sa ya saya, a bar masa ko ɗayan kunnen zai buƙata wata rana. Kwalbar tana nan a durowata kusa da ƙarfen.